Buhunan Oom Lasarus

Lasarus Boois yana da shekara goma sha bakwai ya fara taka tsibirin nan da ke cikin teku kusa da garin Lüderitz, da shebur a kafaɗa, yana bin bayan mahaifinsa. Aikinsu kankare kashin tsuntsaye. Shekaru aru-aru tsuntsayen teku suna zuba kashi a kan dutsen nan har ya yi tudu, su kuma suka zo suna ɗurawa a buhu, jirgin ruwa yana kaiwa Lüderitz a sayar wa manoma taki. Babu wanda ya gaya masa cewa a cikin wannan kashin ne tsuntsun nan fengwin ke haƙa rami ya yi ƙwai. Ko da ma an gaya masa, abin sawa a baki yake nema. Suka yi ta kankara har shebur ya fara ƙara a kan dutse, sannan kamfani ya sallame su.

Kowa ya koma gari ban da shi. Masu bincike suna neman wanda zai zauna ya riƙa ƙirga musu tsuntsaye, wanda wari da kaɗaici ba za su kora ba, sai ya ɗaga hannu. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Matarsa tana ganinsa sau ɗaya a wata uku, kuma sai ya tuɓe kayan aiki a tsakar gida saboda ƙarni kafin ta bar shi ya shiga ɗaki.

Duk mako biyu yakan zagaye tsibirin da littafi da fensir: sheƙa nawa, ƙwai nawa, 'ya'ya nawa. Hannuwansa duk tabo ne, domin fengwin bai san alheri ba. Tsuntsu ne da ba ya tashi, ga tafiya kamar tsohon da ƙafa ta riƙe, ga kukan jaki, kuma in ka miƙa hannu don taimakonsa sai ya ɗebi nama. Kullum Lasarus cikin zaginsu yake. Amma ya ga lambobin littafinsa suna sauka daga dubu huɗu zuwa ƙasa da ɗari shida, abin kuma yana cin ransa, don ya san da hannunsa a ciki. Shi ya sa ya riƙa tsaga tsofaffin durom na roba gida biyu, ya kifa su, ya jibga musu duwatsu su zama rami. Ba su da kyan gani ko kaɗan, amma tsuntsayen suna shiga.

Ana nan sai ga Dokta Ndilimeke Amutenya, mai binciken tsuntsaye daga babban birni Windhoek, da sheƙa arba'in na faiba, wata irin roba mai tauri, sumul-sumul, duk fasali ɗaya. A cikin kowacce an maƙala ɗan ma'aunin zafi kamar maɓallin riga. Mace ce mai kirki, ta san aikinta, har kofi da sukari ta kawo masa. Ta zo da doka guda ɗaya: za a gwada sheƙunan har shekara biyu, kuma ba wanda zai taɓa su, ya ƙara ko ya rage.

Da rana ta take, Lasarus ya durƙusa ya zura hannu cikin ɗaya har kafaɗa, ya zaro.

"Dokta, wannan ai tanderu ne. Kawo ƙullu in gasa miki burodi."

Ta yi dariya, ta kira shi yadda kowa ke kiransa, Oom, wato kawu. "Oom Lasarus, hannunka ba ma'auni ba ne."

"Shekara talatin yana shiga ramin tsuntsayen nan. Wannan maɓallin naki yaushe aka haife shi?"

"Ka ji mana, Oom. In da zafi, ma'aunin zai faɗa, in kai takarda ofis a fasa saye. Ba zan tsaya gaban manya in ce hannun Oom ya ji zafi ba. Don Allah kada ka taɓa. Rubutu kawai."

Ya ce to. Amma abin ya dame shi, a ce sai ƙwai ya dahu tukuna sannan a yarda akwai wuta.

Tsuntsayen kuwa, da yake ba su da wayo, suka cika sheƙunan cikin wata guda. A watan Mayu iskar gabas ta taso daga hamada. Kowa a gaɓar nan ya san ta: jiya kana cikin hazo da rigar sanyi, yau dutse yana ƙona tafin ƙafa. Kafin la'asar iyaye uku sun bar ƙwai sun gudu cikin teku, fararen tsuntsayen nan ɓarayin ƙwai suna ta shawagi a sama. Lasarus ya hau rufin tsohon sito, inda nan kaɗai waya ke kamawa, ya kira Dokta.

"Sun fara gudu! Uku yau. Gobe goma."

"Na ji, Oom, wallahi na ji. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Rubuta lambar sheƙa da lokaci."

"In rubuta? Fensir ne zai yi musu fifita?"

"Kada ka taɓa, Oom. Ana jirana a taro."

Ya rubuta. Washegari da hantsi ya tarar da wata uwa tsaye a kan ƙwanta biyu, baki a buɗe, fukafukai a ware, tana haki, ta ƙi gudu. Ya tsaya yana kallonta har idonsa ya yi ja. Daga nan ya wuce sito, inda buhunan taki na zamanin mahaifinsa ke jibge, ya kwaso su, ya tsoma a ruwan teku, ya lulluɓe sheƙunan ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ta ƙarshe ta farko ta bushe, sai ya sake komawa. Bokiti biyu, gwiwa mai ciwo, dutse mai santsi, ga tsuntsayen da yake ceto suna saran ƙwaurinsa. Kwana shida iskar ta yi, kwana shida yana wannan jigila, kuma ba wadda ta sake barin ƙwanta.

Bai rubuta ba. Takardar da aka ba shi ba ta da gurbin buhu, abin da ya gaya wa kansa ke nan. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji kada a ce ya tsufa, ya daina jin magana, a sauke shi gari. Ya ce zai faɗa in ƙwai sun ƙyanƙyashe. Da suka ƙyanƙyashe ya ce bari 'ya'yan su yi gashi. Duk ranar da jirgi zai zo sai ya tattara buhunan ya mayar sito, ya zauna a bakin gadar da jirgi ke tsayawa yana shan kofi kamar mutumin kirki. Shekara ta zagayo, iskar ta dawo, ya sake yi. Maganar ta yi ta ƙara nauyi har ta fi ƙarfin bakinsa.

A watan Afrilu na shekara ta uku jirgi ya iso, bayansa maƙare da kaya an rufe da tamfol. Dokta ta sauko tana murmushi tun daga nesa, tana kaɗa wata takarda.

"Oom, yau ka sha kaye! Ina tanderun naka? Ma'auni ya ce ba su wuce kima ba sai rana ɗaya tak. Sun ma fi durom ɗinka ƙyanƙyasa. Har sunanka na sa a wurin godiya."

Aka yaye tamfol. Sheƙunan faiba ne, an jera wata cikin wata.

"Ɗari naka ne," in ji ta. "Ɗari uku mun riga mun kafa a tsibirai biyun arewa tun watan jiya. Har tsuntsaye sun fara shiga."

Lasarus ya ƙura wa sheƙunan ido. Ya san tsibiran nan. Ba kowa a kansu, jirgi ma sai bayan wata biyu yake leƙawa, in teku ta yarda.

"Dokta, zo ki ga wani abu."

Ya kai ta sito, ya nuna mata buhunan, sun yi tauri, gishiri ya yi musu fari. Ya gaya mata komai, kansa a sunkuye, bai rage ko kwana ɗaya ba. Sannan ta zauna a kan wani akwati, ta dafe kai da hannu biyu.

"Shekara biyu, Oom. Shekara biyu ashe buhunka nake aunawa."

"Na gaya miki da zafi."

"Ka gaya mini! Ni kuma na ce ka bar ni in nuna musu, ka hana ni! Da arba'in za mu rasa, a fasa. Yanzu fa?"

"Ke ba ki ga tsuntsuwar nan ba. Ina tsaye ina kallo zan bar ta ta dahu?"

Ta sake dafe kai. Haushi ya cika shi, na kansa, da nata, da na tsuntsayen da ke shiga duk ramin da aka kifa musu.

Can ta ɗago, idonta jawur. "Yaushe iskar ke farawa?"

"Mako uku. In an yi sa'a, huɗu."

"Jirgin nan gobe zai shiga gyara. Ba shi ba ruwa sai Yuni."

Matuƙin jirgi ya ƙwala kira daga bakin gada, wai ruwa na janyewa, a zo a sauke kaya ko ya koma da su.

"Ya koma da su," in ji Lasarus.

"Waɗannan ya koma da su," ta ce a hankali. "Na arewa fa, Oom? Wa zai jiƙa musu buhu?"