Ranar da Na Kai wa Kifi Fara Mai Yaji

Tun hantsi nake zaune a bakin dam ɗinmu na wajen Ɗambatta, ƙugiya a ruwa, har aka kira azahar ko ɗan karfasa bai taɓa ta ba.

Ni manomi ne, ban gaji sana'ar su ba. 'Yata Hafsatu ce ta tashi daga zazzaɓi, ta ce romon kifi kawai take marmari. Na ji kuɗinsa a kasuwa, sai na dawo na ari ƙugiya. An ce da kaka fara ake sa wa kifi. Ni kuma da ilimina na aji huɗu, na ɗebo wadda mai ɗakina ta soya, har da yaji.

Wani dattijo masunci ya ɗago ƙugiyar ya shinshina.

"Malam, kifin nan surukinka ne da ka soya masa?"

Na ce, "Baba, ai baƙo sai da karamci."

Ya ce, "Yanzu ruwa ya kwanta. Mai rai yake so, tana motsi a sama. Ka kamo ta da sassafe, kafin raɓa ta bushe mata a fiffike."

Sauran farar ni na cinye a hanya, kada a yi asara biyu.

Da na isa gida, Hafsatu ta leƙa buhuna, ta koma ta kwanta. Gara ma a ce ta yi kuka.

Gobe daga sallar asuba sai gonar dawa, ko da rarrafe ne. Na yi wa yarinyar nan alkawarin romo, kuma sai ta sha shi in sha Allahu. Masunta, a ina ake soka ƙugiya a jikin fara ba ta mutu ba?