Wutsiyar da Injin Ya Cinye

A gidansu ba mai kiranta da sunanta. 'Ya'yan yayyenta ne suka laƙaba mata Anti Waya, tun ranar da ɗayansu ya buɗe jakarta yana neman alawa, ya tarar da ƙunshin wayoyi ja da baƙi da matattun batura. Sunan ya bi ta har kantin maganin da take aiki, inda take wuni a bayan kanta tana karanta rubutun likitoci, rubutun da ta ce in kaza ta gani za ta yi ƙarar an kwaikwaye ta.

Wannan shi ne aikin da ake biyanta. Aikin da take so kuwa yana can kan teburin cin abinci, wanda rabon da a ci abinci a kansa har an manta. Nan kwamfutarta take, da ƙarfen narka dalma, da gwangwanayen madara cike da 'yan ƙusoshi. A tsakiya kuma ga injin zanenta, wanda ta haɗa da kanta daga cikin wata firintar da kantinsu ya zubar. Hannu ɗaya gare shi, yana riƙe da biro, yana yawo a kan takarda gaba da baya. Ita ke rubuta masa umarni a kwamfuta, ta ce ya ja layi dubu, kowane layi ya ɗan kauce wa na bayansa gwargwadon wata lambar da kwamfutar za ta cafko da ka. Ita kanta ba ta san abin da zai fito ba sai ya fito. Wani lokaci ya yi kamar gonar da iska ta kwantar, wani lokaci kamar gashin jariri bayan wanka, wani lokacin kuma shirme zalla, ta yi dariya ta ba yara su shafa masa kala.

Ba zane kaɗai ba. Tukunyar furenta tana yin tsuwa idan ƙasarta ta bushe. Fitilar falo tana komawa ja idan murya ta yi sama, abin da ya sa mijinta ya daina musun ƙwallo a waya cikin falon. Shi dai ya haƙura, yana cin abincinsa a kan cinya, yana kiranta Injiniya. In aka tambaye ta amfanin duk wannan, sai ta ce, "Amfanin me? Daɗi nake ji." Ni kuwa ban taɓa ganin amsar da ta fi wannan gaskiya ba.

Basirar hannun nan ba a ƙasa ta tsince ta ba. Babanta mai rubutun allunan shaguna ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tsani da burushi da gwangwanin fenti. Duk ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa da ya buɗe shago, Baba ne ya rubuta masa allo, ba a ma tambaya. Sai ciwon rawar hannu ya same shi. Ya fara da zubar da shayi, ya kai ga maɓallin riga ya gagare shi. Ya wanke burusansa ya ɗaure su da roba, ya tura ƙarƙashin gado. Daga nan maganarsa ta ragu. Mutumin da a dā ba ya wuce allo a titi bai kushe shi ba, ya koma zama a tsakar gida da hannuwansa ɓoye cikin aljihu.

Ana haka Auta, ƙaninta, ya kama shagon aski. Ya zo mata kantin, ya jingina da kanta yana sosa ƙeya.

"Yaya, zan kai a buga min allon a inji kawai. Amma wallahi na kasa faɗa wa Baba. Kowa ya samu nasa sai ni."

"Kar ka kai ko'ina," in ji ta. "Baba ne zai rubuta."

"Da wane hannun?"

"Da nasa. Je ka share gashinka."

Abin da ya dame ta ba allon ba ne. Ta san idan aka ɗaga allon inji a shagon Auta, Baba zai gane an rufe babinsa, kuma ba zai ƙara fitar da hannuwan nan daga aljihu ba.

Dabararta mai sauƙin faɗi ce. Baba zai yi rubutu a kan wani faifai mai alƙalami da ake jonawa da kwamfuta, kwamfutar ta tace rawar hannun, injin kuma ya maimaita rubutun a kan allo, da girma, da alƙalamin fenti. Ta cire sandunan labulen falo ta ƙara wa injin tsawo. Mijinta ya dawo ya ga taga tsirara, ya buɗe baki, ya dubi fitila, ya rufe bakinsa. Ta rubuta umarnin tacewar da kyau: duk inda layi ya yi fizga, a daidaita shi da maƙwabtansa har ya miƙe.

Shawo kan Baba ya fi haɗa injin wuya. Sai da ta ce masa gwaji take yi, kuma rubutun kowa a gidan ba shi da kyan da za a gwada da shi, sannan ya karɓi alƙalamin. Ya rubuta sunan shagon. A kan faifan layin ya fito a tsattsage, har Auta ya kau da kai. Injin ya yi ƙara ya kama aiki, haruffa suka rinƙa fitowa sumul, ba ko ɗigon karkarwa. Auta ya yi tafi. Ita ma zuciyarta ta yi fari tas.

Baba ya daɗe yana kallon takardar gwajin.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Wa ya rubuta?"

"Kai mana, Baba."

"A'a. Wannan ba ni ba ne. Ku kai a buga kawai."

Ya mayar da hannunsa aljihu. Ranar ta ji ciwon da ba ta taɓa ji a kan wani aikinta ba, ta naɗe wayoyinta ta tafi gida.

Washegari a hanyar kanti ta wuce shagon wani mai gyaran agogo, idonta ya faɗa kan allonsa. Fentin ya koɗe, amma rubutun Baba ne. Ta tsaya cak. Harafin ƙarshe na kowace kalma yana da wutsiya: layin ya sauko a hankali, sannan ya yi wata fizga sama, kamar mai yarfe ruwa daga yatsa. Ta taso tana ganin wutsiyar nan har ta daina ganinta. Ta bi titin tana ɗaukar hoton duk tsohon allon da ta gane, na mai gyaran takalma, na mai wanki da guga, na yayansu mai kayan gini. Kowanne da wutsiyarsa. Ita kuwa ta umarci kwamfuta ta kashe duk wata fizga, kwamfuta kuma ba ta san kunya ba, ta haɗa ciwon da sa hannun ta shafe.

Da ta ba mijinta labari, ya ajiye cokali ya ce, "To ni abin da ban gane ba, Injiniya, ke da kike wuni kina koya wa injinki ya rinƙa karkace layi don ya yi kama da na mutum, yanzu an kawo miki mutum sukutum kin miƙar da shi."

Ta harare shi, don gaskiya ya faɗa.

Ta koma kan umarnin. Rawar ciwo tana zuwa ne ƙanana-ƙanana a jere, wutsiya kuwa fizga ɗaya ce babba, don haka ta yi ta ƙoƙarin koya wa kwamfutar ta bambance su. Ta samu, amma ba duka ba. In ta tace sosai, wutsiyar ta gajarce. In ta bar wutsiyar da ƙarfinta, sai 'yar karkarwa ta biyo baya. Ta ɓata takardu har yara suka gaji da shafa kala. Daga ƙarshe ta fahimci ba ita ke da hurumin yanke wannan hukunci ba. Ta ɓalle maɓallin murɗa murya na wata tsohuwar rediyo, ta liƙa masa wayoyi da dalma, ta dasa shi a murfin gwangwani. A murɗa shi dama, rubutu ya miƙe sumul. A murɗa hagu, ya dawo yadda hannu ya yi shi.

Ta kai wa Baba ranar hutunta da hantsi, ta durƙusa ta ajiye gwangwanin a gabansa.

"Baba, na ga abin da na cinye maka. Ga shi, kai za ka zaɓa."

Ya zaro hannun daga aljihu. Ya kama maɓallin da ƙyar, yana murɗawa yana kallon rubutunsa na sauyawa a fuskar kwamfuta. Wutsiyar ta fara leƙowa, ta tsawaita, ta yi fizgarta sama. Nan ta zaci zai tsaya. Bai tsaya ba, ya ƙara murɗawa hagu har karkarwar ta fito fili a jikin dogayen haruffan.

"Baba, ka wuce," in ji Auta. "Rawar ta dawo."

"Na gani. Tsoho ne ya rubuta, a bar shi ya nuna."

Haka injin ya zana shi a kan allon, da wutsiyar da rawar. Baba ya tsaya a kansa tun daga harafin farko, yana yi wa injin faɗa cewa yana sauri da yawa, fenti ba ya son gaggawa. Ta rage masa gudu tana ɓoye murmushi, don rabon da ta ji Baba ya kushe wani abu an kwana biyu.

Ranar da aka ɗaga allon, Auta ya zaunar da Baba a kujerar aski ya zama kwastoman farko. Anti Waya tana bakin ƙofa riƙe da tsani, ba ta gama saukewa ba. Sai ga mai gyaran agogon nan ya zo wucewa da keke. Ya ja birki, ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu.

"Ikon Allah! Ashe tsohon nan bai ajiye burushi ba? Ai ko a mafarki na ga wutsiyar nan na san mai ita. Hajiya, in kin san inda yake, ki ce masa nawa allon ya koɗe."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai Baba ya riga ta. Daga cikin shago, ta ƙarƙashin zanen askin, Baba ya fito da hannunsa yana rawa, ya ɗaga shi sama yadda za a gani ta madubi.

"Ya ji," in ji shi. "Ka kankare tsohon fentin, ka kawo allon gida. Ke kuma ki zo min da gwangwanina mai maɓallin nan."