A Bar Mini Jakata

Ranar da ta fara shiga ajin, wani yaro mai dogon wuya ya zabura ya miƙe, ya goge kujerarsa da hannun riga, ya ce, "Bismillah, Malama." Sai da ta zauna ta ciro littafi da biro sannan aji ya gane ɗaliba ce irinsu. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata mai tabarau ta ce, "Ashe gwaggonmu ce." Sunan ya bi ta ke nan, har malamai da ma'aikatan sashe da shi suka san ta.

Gwaggo ta haura arba'in a lokacin. Rabin rayuwarta a siton wani kamfanin rarraba magunguna ta yi shi, cikin ƙamshin kwali da ƙarar fanka mai karkataccen wuya. Ita ke karɓar kaya, ita ke fitarwa. Ana nan sai kamfani ya ɗauko wani matashi da kwamfutarsa a jaka, aikinsa ya duba cinikin da aka yi a baya ya faɗi maganin da zai ƙare kafin ya ƙare. Yaron kirki ne, ba ta taɓa kama shi da rashin kunya ba. Kullum sai ya rusuna ya ce, "Mama, an tashi lafiya?" Da wannan ladabin ya sa aka janye teburinta zuwa bakin ƙofa don a samu wurin jona wayoyinsa, da shi kuma ya daina tambayarta komai.

In aka tambaye ta me ya kai ta jami'a da furfura a goshi, cewa take don yaranta su gani su yi koyi. Maganar tana da daɗin ji, har ita ma takan so ta yarda da ita. Gaskiyar ita ce teburin nan na bakin ƙofa ne ya kai ta. Abin da yaron ya karanta shi ta nema, nazarin bayanan kasuwanci, kuma tun kafin ta san hanyar ɗakin karatu ta ƙudura ba za ta tsaya a digiri na farko ba, don ta ji an ce shi ma a nan ya tsaya.

Sharuɗɗan sashen a bayyane suke. Sai ka haye lissafi da ƙididdiga, ka haye tattalin arziki, ka haye kwas ɗin rubuta wa kwamfuta umarni, wanda ɗalibai ke kira kodin. A shekarar ƙarshe a raba ku rukuni-rukuni, a ba ku bayanan cinikin wani kamfani, ku fito da abin da ke ɓoye a ciki, ku kare shi a gaban malamai. Wanda matsakaicin makinsa ya kai mizani, ya kuma ci wannan aikin da kyau, sashe kan wuce da shi digiri na biyu kai tsaye. Wanda ya gaza, sai ya bi doguwar hanya: ya gyara kwas ɗin da ya yi rauni, ya zauna jarrabawar shiga tare da 'yan waje.

Kwasa-kwasan karatu ba su ba ta wuya ba. Lissafi ta ci shi da gumi. Kodin kuwa yawancinsa aikin rukuni ne, kuma rukuninta ba ya sauyawa: yaron nan mai dogon wuya da ake kira Zalɓe, shi ne shugaba, sai mai tabarau ɗin nan da suke kira Tabarau, sai wasu biyu da ba su cika magana ba. Yaran sun riƙe ta hannu bibbiyu. Tana sauka daga mota Zalɓe zai karɓi jakar kwamfutarta. A ɗakin kwamfuta kujerar da ke ƙarƙashin na'urar sanyi tata ce. In an raba aiki sai ya ce, "Gwaggo, ke dai ki sa mana albarka, ga ɗan wannan ki taɓa." Ta taɓa, ta tura masa, ya ce, "Kai, Gwaggo ta fi mu iyawa." Maki ya fito da kyau, sunanta a sama, wai babba ba ya bin bayan yara ko a takarda.

Ta san akwai abin da bai zauna daidai ba. Ta sani kamar yadda mutum ke sanin haƙorinsa na girgiɗi, ya riƙa tauna ta ɗaya gefen. Amma kujerar da sanyi, kuma babu abin da take tsoro kamar ta yi tuntuɓe a gaban sa'o'in ɗanta.

Ana saura 'yan kwanaki su kare aikin ƙarshe, suna ɗakin kwamfuta da rana, Zalɓe ya haska shafukan da za su nuna. Bayanan wani kantin sayar da kayan gini ne. Gwaggo ta ci makonni tana tsefe cinikin fenti, ta ware na damina daban. Ta bi shafukan har ƙarshe ba ta ga nata ba.

"Zalɓe, ina fentina?"

"Yana ciki, Gwaggo. An haɗe shi ne da sauran."

"Nuna mini inda aka haɗe shi."

Ya hau sosa wuya, wurin sosawa kuma ba ya ƙare masa. Tabarau ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi, ta ce, "Ka gaya mata mana. Ko ni in faɗa?"

"Ke dai bakinki ba ya da birki."

"Gwaggo, wanda kike aiki a kai kwafi ne. Tun aji biyu haka muke yi. Muna ba ki naki daban, na gaske yana wurin Zalɓe."

Gwaggo ta tuna lokacin da Autarta ke rarrafe, in ta dame ta da kuka sai ta miƙa mata tsohuwar wayar da ba batir, yarinya ta yi ta dannawa tana gwaranci, ita kuma ta samu ta yi aikinta.

"Saboda me?"

Zalɓe ya ce, "Girmanki ne, Gwaggo. Ga gida, ga aiki. Kuma wa zai iya duban idonki ya ce kin yi kuskure? Ni dai ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"Girma ko?" Ta juya ga Tabarau. "Ke faɗi naki."

"Akwai girman. Akwai kuma cewa ranar farko da kika taɓa na gaske sai da muka yini muna gyara. Ni ina son digiri na biyun nan, Gwaggo, ba ni da wani sito da zan koma."

Wannan ta fi shiga, ta kuma fi mata daɗi. Shekara da shekaru ba wanda ya yi mata magana a tsaye a makarantar nan sai yau.

Zalɓe ya yi saurin ƙarawa, yana ganin albishir yake yi, "Kuma ki kwantar da hankalinki, na riga na ga Dakta. Ba za a tashe ki ba ranar."

Dakta ita ce mai kula da aikinsu, kuma ko ita a shekaru ƙanwar bayan Gwaggo ce. Ƙa'ida ita ce makin rukuni na kowa ne, sai wanda aka tasa aka yi masa tambaya ya kasa, shi ake zabge wa nasa. Wanda ba a tasa ba ya tsira da makin rukuni. Malamai kuwa sun saba, in akwai dattijo a rukuni sai ido ya tsallake shi. Ba a rubuta ba, ba a kuma taɓa faɗa ba.

Da yamma ta tarar da maigidanta a tsakar gida ya kwance fanka yana wanke fukafukan. Direban motar ma'aikata ne, kuma tun da ta shiga jami'a ya laƙaba mata Farfesa. Ta zayyana masa komai tana tsaye, ko mayafi ba ta cire ba.

Ya ce, "To Farfesa, ina matsalar? Makin zai kai ki inda kike so?"

"Har ya yi rara."

"Sata kika yi?"

"A'a."

"Roƙa kika yi?"

"Ban roƙa ba."

"To ki yi shiru ki karɓa. Yara sun ga girmanki sun ɗauke ki, wasu nema suke ba su samu ba."

"Ka ji abin da ka faɗa? Sun ɗauke ni. Ni buhun siminti ce?"

Ya yi dariya. "Buhun siminti ba ya tsiwa. Ni dai na san ki. Ba gaskiya ce ta dame ki ba, don da ba su faɗa ba da kin lashe makin kin yi hamdala. Abin da ya ƙona ki shi ne sun san kin sani."

Mutumin nan ya daɗe yana karanta ta ba tare da ya shiga aji ba.

"Ko ma mene ne," in ji ta, "an taɓa janye mini tebur ana kirana Mama. Ba za a sake ba."

Kwanakin da suka rage ta sa Tabarau ta tura mata na gasken. Ta bi shi layi-layi a teburinta na bakin ƙofar sito, tsakanin motar kaya da motar kaya. Wani wurin ta gane, wani wurin kamar an rubuta da ƙafar kaza. Abin da aka hana ta na shekaru ba zai shiga a mako guda ba, ta kuma san haka.

Ranar kare aikin aka jera tebur a gaban aji, Dakta a tsakiya da malamai biyu. Zalɓe ya yi bayani tiryan-tiryan. Aka tashe shi, aka tashi Tabarau, aka tashi sauran biyun. Dakta ta rufe biro ta ce, "Madalla. Rukuni na gaba."

Gwaggo ta miƙe. Gwiwarta ta yi ƙara, wani a baya ya ƙyalƙyale ya haɗiye.

"Dakta, ba a tambaye ni ba."

"Ba komai, Gwaggo, zauna abinki. Mun gamsu."

"Da su kuka gamsu. Sunana ne a sama."

Zalɓe ya raɗa, "Gwaggo, don Allah."

"Kai, cire bakinka."

Dakta ta dube ta ta saman gilashi. Ita ma da nata dalilin, Gwaggo ta gani a fuskarta: ba ta son a ce ita ce ta kunyata uwar mutane a bainar jama'a. Ta ce, "Kin san in na tambaye ki, makinki ya rabu da nasu?"

"Shi ya sa na tashi."

"To bismillah, zo gaban kwamfuta."

Tambayar farko, me ya sa suka cire cinikin watan da kantin ya yi gwanjo kafin su yi hasashe. Ta amsa, da kame-kame amma ta isa. Ta biyu, aka ce ta sauya umarnin ya nuna fenti kaɗai. Ta rubuta da yatsu biyu, ta danna, allon bango ya cika da jan rubutu mai nuna kuskure, aji duka na gani. Zalɓe ya ɗaga ƙafa zai matso, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Ta karanta jan rubutun a hankali, leɓenta na motsi, har ta gano alamar baka ɗaya da ta buɗe a rubutun ba ta rufe ba. Ta rufe, ta danna, fenti ya fito.

Ta uku kuwa, Dakta ta nuna tsakiyar aikin, inda ake gwada ko hasashen abin dogaro ne, ta ce ta bayyana abin da layukan ke yi. Gwaggo ta dube su. Tana iya jin amsar na motsi a bakin Tabarau.

"Ban sani ba," ta ce, da muryar da na ƙarshen aji ya ji. "Wannan ban iya ba."

Dakta ta rubuta abin da za ta rubuta.

Da sakamako ya fito, yaran huɗu sun wuce kai tsaye. Gwaggo ta ci digirinta, amma makin aikin ya faɗo ƙasa da mizani. Zalɓe ya same ta a barandar sashe idonsa ja, ya ce ita ta jawo, shi ya yi iya yinsa. Ta ce ta sani, ya je Allah ya yi masa albarka, kuma da gaske take. Dakta ta tsaya da ita a bakin ofis ta ce, "Ki maimaita kodin da 'yan aji biyu, ki zauna jarrabawar shiga baɗi. Kuma ki sani ba zan raga miki ba."

"Da kin fara tun farko ai da mun huta," in ji Gwaggo.

A gida maigidan ya ce, "Farfesa an koma firamare ke nan?" Ta ce ya jira ya gani. Da aka koma karatu shi ya sauke ta a ƙofar makaranta kafin ya wuce ɗaukar ma'aikata.

Tana hawa matakalar ɗakin kwamfuta wata yarinya 'yar aji biyu ta sheƙo da gudu, ta kama igiyar jakar. "Mama, kawo in riƙe miki."

Gwaggo ta riƙe gam. "Sakar mini jakata. Kin iya kodin?"

Yarinyar ta yi turus. "Kaɗan-kaɗan."

"To zo ki zauna kusa da ni. In na yi kuskure ki ce kin yi kuskure, da ƙarfi, kowa ya ji. In kika ce mini sannu da ƙoƙari, na canja wuri."

Ta wuce kujerar da ke ƙarƙashin na'urar sanyi, ta je layin gaba inda zafi yake, ta buɗe kwamfutarta.