Kumfa a Birkin Baya

Bijimai biyu, karsana ɗaya mai ciki, da rago ɗaya a kai. Abin da wani dattijo makiyayi daga wajen Mutum Biyu ya yarda zai ba ni ke nan a madadin tsohuwar akori-kurata, shekaru kaɗan bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha. Baffa nake ce masa. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da zai zo, a loda mata buhunan kanwar da yake saya wa shanu, a gangara da ita gangaren kogin Mayo Gwoi, ta tsaya kafin ruwa. In ta tsaya, ciniki ya faɗa. In ba ta tsaya ba, kowa ya riƙe kayansa, in akwai sauran abin riƙewa.

Ni dillali ne, na san abin da nake sayarwa. Motar ma a hannun wani direba na karɓe ta, ba da daɗewa ba. Birkin gaba yana kamawa, na baya kuwa sai ka taka, ka sake takawa, ka yi salati, sannan ya fara tunani. Da kaya a bayanta a gangare, na gaba shi kaɗai ba zai riƙe ta ba.

Ban kai ta gareji ba. Makanikai da dillalan shanu wurin mai shayi ɗaya suke zama, kafin a kwance taya labari ya isa Mutum Biyu. Sai na shigar da ita gidana a Sintali, na rufe ƙyaure. Na ɗaga bayanta da jak, na rasa abin tokarewa, na jawo turmin matata na kifa a ƙarƙashi.

"Malam, dawa zan daka fa," in ji ta.

"Yanzu zan ba ki."

"Motar ce za ta ci tuwo ko mu?"

Na cire tayoyi, na buɗe. Takalman birki da sauran ƙarfinsu, don haka na ce iska ce ta shiga bututu. Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a ciki ya yi ta taka birki, sannan ya danne ya riƙe. Ɗaya ya kwanta a ƙasa ya sassauta wani ɗan noti, mai ya fito da ƴan ƙwayoyin iska, ya ɗaure. A yi ta maimaitawa har mai ya fito tas ba kumfa. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabcina, wani tela Bamumuye mai jan waƙa a cocinsu, mutum ne da ba ya kai magana waje.

"Tela, taka!"

"Na taka, Oga."

"Riƙe!"

"Na riƙe shi."

Na sassauta noti, sai na ji birkin yana hawa yana sauka a kaina. Na fito na duba. Ƙafarsa tana ta kaɗawa gaba da baya, shi kuwa yana kallon gilashi yana ƴar waƙarsa.

"Wannan ne riƙon?"

"Oga, ni na riƙe. Ƙafa ne bai yarda ba. Tun ina yaro keke yake takawa."

Muka gwada da ta hagu, ita ma haka. Daga ƙarshe na ce ya durƙusa a ƙasa ya danna da hannu biyu, ƙafafunsa a waje suna ɗinkinsu a iska.

Yanzu riƙo ya yi kyau, amma kumfa ta ƙi ƙarewa. In sassauta, kumfa. In ɗaure, a taka, in sassauta, kumfa fara sol. Na cika gwangwanin madara, na cika kwanon sha, na ce a miƙo roba. Tela ya ce a ganinsa iskar Jalingo gaba ɗaya ta shige motar nan. Rana ta take, kumfa ta gangaro ta hannuna har hammata, kuma na lura hannun da ke cikinta ya fi ɗayan haske.

Matata ta zo karɓar turminta karo na uku. Ta tsaya a kan robar, ta sa yatsa ta murza, ta shinshina.

"Wa ya ɗebar min omo?"

"Wane omo? Man birki ne."

"To man birkinku ya iya wanki." Ta jefa tsumman kicin a ciki, ta cuɗa, ta ɗaga mana shi. Ya fita fes.

Ina kwance a ƙasan motar, sai na gane. Na san direbobin hanyar ƙauye suna haka: in man birki ya zube a daji, sai su kaɗa omo da ruwa su ɗura, ya kai su gari. Direban da na karɓi motar a hannunsa bai tsaya a kaiwa gari ba, abin ya zame masa man birki na dindindin. Mun yi rabin yini muna jiran sabulu ya daina kumfa.

Na tsiyaye shi duka, matata ta tafi da robar wajen wanki. Na sayo man birki na gaske da sababbin robobin cikin tukunyar birki, don tsofaffin sun ci ruwa sun lalace. Tela ya sake durƙusawa. Ba a daɗe ba mai ya fito tas, birki ya yi tauri kamar ka taka dutse. Muka sauke mota, aka daka dawa.

Ranar gwaji Baffa ya zo da sandarsa. Aka loda kanwa. Na buɗe masa ƙofar gaba, ya ƙi.

"Yaro, a baya zan zauna. In ta nufi ruwa, ni na san hanyar sauka."

Ya hau can saman buhuna ya harɗe. Muka kama gangare. Motar ce aka gyara, ƙafata ba a gyara ta ba. Tun daga tsakiyar gangaren ƙafar ta yi abin da ta saba, ta dira wa birki da dukkan ƙarfina. Motar ta kafe wuri ɗaya. Na ji gurnani a kan rufi, buhu ɗaya ya wuce ta kaina ya mirgina har cikin ruwa, sai ga Baffa ya biyo shi, ya sauka rub da ciki a kan bonet, fuskarsa manne da gilashi, muna kallon juna. Sandar tana hannunsa.

Na fito da gudu. "Baffa, sannu! Ka ji ciwo?"

Ya sauko a hankali, ya taɓa haƙarƙarinsa, ya dubi buhun da ke narkewa.

"Motar ta tsaya," ya ce. "Ni ne ban tsaya ba."

"Ai sharaɗin a kan mota ne, Baffa."

"Haka ne. Amma wannan birkin ya yi yawa. Ba wanda ya ce ka sa mata na tirela."

Muka zauna a bakin yashi muka sake ciniki. Ya ce rago ya tafi a kuɗin kanwa da haƙarƙari. Na yi gardama daidai gwargwado, na bari, domin na ga yadda ya sauka. Ya ƙara da cewa lallai in rage mata birki kafin ɗansa ya zo ɗauka. Na shiga ƙarƙashi na ƙwanƙwasa sifana a jikin ƙarfe, na fito na ce an rage.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Bijimai biyu na sayar da su da daraja kafin Kirsimeti. Rago ya tafi. Tela ya ƙi karɓar komai sai da na kai masa ɗinkin yara duka na shekarar. Karsana kuwa na yi ta jiran haihuwa har damina ta wuce, cikin ya sace a hankali, ashe kanwa aka ba ta ta sha ruwa ta cika. Na rasa rago da ɗan maraƙi, na tsira da shanu uku a kan motar da ba ta kai biyu ba. Riba ce.