Hoton Kaza da 'Ya'yanta da na yi wa mahaifina alkawari

Shekarun baya, lokacin da idon mahaifina ya fara dushewa, na yi masa alkawarin hoton Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da tun yana yaro yake gane lokacin shuka da su. Na kwaso kayana, madubin hangen nesa da babbar kyamara da kwamfuta, daga Talata Mafara zuwa gidanmu a Bakura ina hura hanci, sai ka ce ni na ƙera su.

Taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa akwai ƙaramar kyamara mai gadin tauraro guda, tana gaya wa madubin hangen nesa inda zai matsa. Kafin a fara, sai an koya mata ina ne gabas, ina ne arewa. Na yi wannan tsaf. Daga nan na ga hoton ya karkace, sai na murɗa sabon zobena mai juya kyamarorin biyu tare, ya miƙe.

Hoton farko ya fito, taurari sun zama taliya. Na biyu ma haka. Na zargi iska, na zargi batir, har akuyar maƙwabta sai da na harara. Abin da ya fi ɗaure mini kai, duk gyaran da na'urar ta yi, sai tauraron ya ƙara gudu. Kwana uku ina wannan fama, ga tsoro fal raina kada idon ya riga ni.

A na huɗu, yana zaune kan tabarma bayan isha, ya ce, "Wai mi ya hwaru da wanga abu naka?"

Na zayyana masa komai, don dai in huce.

"Ka ce ka juya mata kai?"

"E, Baba."

"To ka sake hwaɗa mata gabas? Ni nan in kunka juya ni, ai sai na tambaya kahin in kabbara."

Na tashi na koma wurin ƙaramar kyamarar. Na sake koya mata daga farko, taurari suka fito ɗigo-ɗigo. Ya kai kwamfutar dab da hancinsa yana bi da yatsa.

"Ga kazar," ya ce. "Ashe ɗiyan nata sun yi yawa haka."

Kafin damina ta faɗi, ganin ya tafi gaba ɗaya.

Har yau in na taɓa zoben nan sai na ji kunya. Ina can ina leƙen sama, ban san mahaifina ya kai ga tambayar gabas a cikin gidansa ba.