Gawar da ta jira mu haɗa baki

Sun wulaƙanta mijina a gaban mutane, kuma har gobe ba zan ce sun yi daidai ba. Da wannan na fara, don kada wani ya ɗauka na zo wanke su ne.

A lokacin ni matar mai bishara ce, 'yar ƙauye daga yankin Kutama. Ban shiga aji ba sai da 'ya'yana suka tasa, na zauna a yaƙi da jahilci ina haɗa baƙi da furfura a goshina. Ikilisiyarmu ta turo mu cikin garin Gwarzo mu tattara 'yan'uwa Kiristoci da ke warwatse, malaman makaranta da masu gyaran babur da mutanen ƙauye da neman abinci ya kawo gari. A tsakar gidanmu na haya muke sujada, kan tabarma, ba ganga ba lasifika, don mun san inda muke zaune. Maƙwabtanmu Musulmi ne. Muna cin tuwon sallarsu, suna cin shinkafar Kirsimetinmu.

Ba mu kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai masu kafa ikilisiya na wasu ɗariku a Gwarzo da Kabo, kowa da 'yan mutanensa. Wani dattijon fasto a Kabo, wanda kowa ke ce wa Baba, shi ya haɗa su suna zama duk wata suna koyar da juna yadda ake zama da mutanen gari, da yadda ake riƙe sabon taro kada ya watse. A irin wannan zama ne mijina ya miƙe zai yi magana, sai wani matashin fasto mai takardu ya ce masa ya dakata waɗanda suka ga ƙofar makarantar Baibul su gama tukuna, masu wa'azin gindin kuka sa biyo baya. Aka kwashe da dariya. Ina bayan katanga tare da mata muna tuƙa tuwon taron, a kunnena aka yi. Baba bai yi dariya ba, amma bai tsawatar ba, ni kuma wannan shirun ya fi ƙona mini rai.

Da muka dawo gida na ce wa maigida in ya sake taka ƙafarsa Kabo, to ya neme ni a gidan ubana. Mutum ne mai sanyi. Ya ce aikin Ubangiji sai da haƙuri, na ce Ubangiji bai ce a shimfiɗa bawansa a taka ba. Ya daina zuwa. Baba ya aiko a ji ko lafiya, ni na tari ɗan aiken a ƙofa na ce maigida ba ya nan, alhali yana ɗaki yana jina. Abin da ban sani ba, a zaman da muka ƙaurace wa sun yanke cewa duk maganar da za a kai gaban mai unguwa ko dagaci da baki ɗaya za a kai ta, bakin Baba. Har ya fara bin manya da gaisuwa a hankali, yana neman mana ɗan fili na maƙabarta a gefen gari.

Da damina ta yi tsakiya, wata tsohuwa cikin taronmu, mai sayar da daddawa, ta rasu da safe. Ba ta da kowa a kusa, ƙauyensu yana can bayan Lakwaya, ruwa kuma ya cinye hanya, ko babur ba ya ƙetarewa. Aka kawo ta gidanmu, mu mata muka yi mata wanka muka shirya ta. Maigida ya tafi wurin mai unguwa neman inda za a sa ta. Mai unguwa ya karɓe shi da mutunci, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce masa wani dattijo daga Kabo ya riga ya zo da sunan dukkan Kiristoci, ya nuna wani gefe, maganar tana gaban dagaci. Yanzu kuma ga Malam ya zo shi kaɗai yana nuna wani gefen dabam. Ya ce in ya amsa masa yau, gobe wani zai zo da nasa, shi kuwa ba ya shiga tsakanin 'yan gida ɗaya. Mu je mu haɗa bakinmu mu dawo.

Rana ta buɗe bayan ruwan, irin zafin nan mai tururi. Gawa na kwance a rumfa, ƙudaje sun fara sauka, ina kora da mafici. Duk wanda ya san garinmu ya san ba a barin mamaci ya wuni. Hajiyar da muke katanga ɗaya ta miƙo mini turaren wuta, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa, wai Maman yara, lafiya har yanzu ba a kai baiwar Allah ba? Na karɓi turaren na kunna. A lungu mutane sun fara tsayawa suna kallon ƙofarmu, 'yan taronmu kuma suna kallona, don sun san wa ya hana maigida zuwa Kabo. Maigida, tun da ya dawo, yana tsaye da waya a hannu. Can ya juyo, a gaban kowa, ya tambaye ni a hankali ko yanzu na yarda ya kira Baba. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce ya kira mana, me yake jira.

Bayan azahar suka iso. Wanda ya goyo Baba a babur, da diga da shebur ɗaure a baya, shi ne matashin nan mai bakin reza. Na kawar da kai. Suka ɗauki maigida, su uku suka je wurin mai unguwa, shi kuma ya raka su gidan dagaci. Muna nan zaune, turare ya kusa ƙarewa, duk babur ɗin da ya wuce sai na leƙa ƙofa. Sai wajen la'asar aka aiko cewa an yarda a sa ta a gefen da Baba ya nema. Matashin ya tuɓe riga ya shiga rami tare da mijina, ƙasa duk taɓo, suna haƙa suna kwashe ruwa. Kafin magariba muka rufe ta. Matashin bai ba mijina haƙuri ba, mijina bai nema ba. Baba ya zo inda nake ya ce sannu da hidima 'yata.

Abin da na koya ke nan, kuma 'yan'uwana matan masu bishara ku ji da kyau. A gari ba mu da yawan da za mu rabu. In aka ci mutuncin mijinki, ki yi faɗanki a cikin ɗakin taron, kada ki janye shi waje, don wanda zai biya fushinki wataƙila tsohuwa ce da ba ta san an yi ba. Ku kuma masu takardu, ku iya bakinku. Dariyar da kuka yi da safe kuka manta, wata tana kwana da ita har damina.

Washegari da safe na ɗaura zanena na hau motar Kabo ni kaɗai. Na yi sallama a ƙofar Baba, na durƙusa na gaishe shi, na ce masa mijina zai dawo zama, amma ranar da zai dawo a kira mini yaron nan, ina da magana da shi a gaban kowa.