Tsagar Inna a Shagon Mai Zane

Hoton mahaifiyata guda ɗaya ne a duniya, ɗan ƙarami na katin shaida, kuma ya fara koɗewa. 'Ya'yana ba su riske ta ba. A zuwana Guangzhou na huɗu sarin takalma, na sa shi cikin jakata da niyyar a zana min babba.

Mai yi min jigilar kaya, wani ɗan zangon Ghana da ke jin yaren China, shi ya kai ni wurin wani tsoho mai zane a unguwar Panyu. Tsohon ya kira ni lawban, wato shugaba, ya buɗe min littafin hotunan matan manyansu na da, in zaɓi irin zaman da nake so.

Ni ba na duba abu a hargitse. Na fara daga ƙasa, don sana'ata ke nan. Kowacce tana zaune a kan kujera, amma babu ƙafa ko ɗaya, riga ta rufe.

"Hajiya, ke ko a gidan gaisuwa sai kin leƙa takalmin mutane," in ji ɗan zangon.

"Tambaye shi dai ina ƙafafun, Alhaji."

Tsohon ya ce meyo, babu, ba a nuna ƙafar babbar mace. Na hau zuwa hannu, shi ma yawanci yana cikin hannun riga. Sai ƙirji, inda aka yi wa kowacce tsuntsu cikin murabba'i. Ya ce tsuntsun muƙamin mijinta ne, mai ido yana gani ya san gidan da take. Na ce to, kujera ta gida ce, tsuntsu na miji ne, ita ina nata? Ya ɗora yatsa a kan fuska. Na daɗe ina kallo. Babu mai murmushi a cikinsu, amma wata ta matse baki kamar mai jiran a gama ƙarya, wata kuma gajiya ce a idonta.

Na zaɓi zama a miƙe da mayafi fari. Bayan kwana tara muka koma.

Zaman ya yi, mayafin ya yi. Amma matar da ke jikin ƙyallen ba Inna ba ce. Na bi ta daki-daki, goshi, ido, hanci, sannan na gane. Kumatunta sumul suke. Tsohon ya ɗauka tsagar fuskarta ƙarzuwar tsohon hoto ce, ya gyara min kyauta.

Na ce a faɗa masa wannan ne tsuntsunmu, sai dai namu na gidan uba ne, kuma wanzami ke yin sa da aska tun ana jariri. Ya cire tabarau ya matso, ya tambaya ko da zafi, ya tambaya guda nawa ne.

A nan na tsaya. Hoton bai nuna sosai ba, ni kuma shekara ashirin rabona da fuskar. Uku ne ko huɗu? Na rufe ido na ɗora yatsa a gefen bakina, kamar yadda nake bin nata ina ƙarama idan ta kwantar da ni a cinya. Yatsan ya tafi sau uku ya tsaya, sannan ya hau kuncin hagu ya ja guda ɗaya a karkace.

Tsohon ya miƙo min fensir. Na ce ni ban iya zane ba. Ya ce in nuna wurin kawai, sauran nasa ne. Na ja kujera na zauna, muka fara da gefen dama.